Kurbana Ba Ta Kwana

Lahadi, 12 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Abuna Bisenti, limamin cocinmu, ya karɓe mabuɗin. Ni Sidhum, shekarata talatin da ɗaya ina gasa gurasar kurbana, ta jibin Ubangiji, a cocin nan, yau aka ce in ajiye mabuɗin ɗakin tanda a kan tebur, sai ka ce an kama ni da buhun fulawa a ƙarƙashin riga. Na ajiye, amma da ƙarfi na ajiye, yadda zai ji a jikinsa.

Laifina wai na sa hannu a aljihu. Da aka zo gaisuwar salama, inda kowa ke juyawa ya sa tafukansa cikin na maƙwabcinsa ya sumbaci yatsunsa, na waiga dama sai na ga ƙanena Wisa. Fiye da shekara guda yana can bakin teku yana gadin gini, babu wanda ya ce mini ya dawo, kuma duk faɗin cocin bai ga wurin tsayawa ba sai kusa da ni. Ya miƙo hannu. Na zura nawa a aljihun jallabiya, na ɗaga kai ina kallon rufi har aka wuce wurin. Hannuna ne, aljihuna ne, kuma ban zagi kowa ba.

Bayan an tashi Abuna ya kira ni ciki, ya ce, "Abu Mitri, hannun da ya ƙi na ɗan'uwansa ba zai cuɗa mini ƙullu ba. Kuma kada ka matso karɓar jibin Ubangiji sai ka je ka same shi."

Na ce, "Abuna, yanzu kuma ni ne mai laifin?"

Ya ce, "Ban tambaye ka wa ke da laifi ba. Kawo mabuɗi."

Mutumin nan fa ina gasa kurbana tun yana yawo ba wando a bakin ruwa. Sannan ya ce kullum in zauna in rubuta abin da ke zuciyata, kada in ɓoye kome, don ba shi zai karanta ba. To ga shi ina rubutawa, a ragowar littafin makarantar ɗana Mitri. Abin da ke zuciyata shi ne an zalunce ni.

Litinin, 13 ga Maris, da hantsi

Na tashi da sassafe, na wanke hannu har gwiwa, na ɗauki hula, sannan na tuna. Na koma na zauna a bakin gado kamar baƙo a gidana.

Laraba, 15 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Fanus tela aka ba mabuɗin. Fanus! Mutumin da ko aljihu bai iya ɗinkawa a miƙe ba.

Na ga kwandon da ya kawo yau. Gurasa bakwai, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Wannan ta tsage a gefe, waccan hatimin ya karkace har gicciyen bai fito ba, ɗaya kuwa huda huɗu ce a jikinta maimakon biyar, daga inda nake tsaye na ƙirga. Abuna ya yi ta juya su yana neman marar aibi da zai ɗora a kan bagade, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki waccan ya ajiye. A zamanina wahalarsa ɗaya ce, duk sun yi kyau ya rasa wadda zai bari.

Kurbana ba gurasar kasuwa ba ce. Fulawa ce da ruwa da yisti, ba gishiri ba mai, kuma bakinka na kan Zabura tun daga tankaɗe har fitowa daga wuta. Ranar da aka gasa ta, ranar ake hidima da ita. Kurbana ba ta kwana, haka na koya, haka na riƙe, ban taɓa karyawa ba ko sau ɗaya. Zabura ɗari da hamsin suna kaina. Fanus kuwa an ce daga waya yake karantawa, yana dangwala gilashin da yatsa mai ƙullu.

Da aka raba ragowar bayan an tashi, na ji matan baya suna cewa, "Kai, ta yau da laushi take." Munafukai. Shekara talatin suna cin tawa ba wadda ta taɓa cewa sannu.

Asabar, 18 ga Maris, bayan buɗe baki

Matata Mufida ta ajiye mini miyar waken adas, ta tsaya a kaina ba ta tafi ba. Idan ta yi haka akwai magana.

Ta ce, "Jiya na kai wa Wisa abinci can gidan marigayiya iyarku. Shi kaɗai ne, ko tukunya babu."

Na ce, "Da izinin wa?"

"Da izinin wanda kake yi wa azumin nan. Ka tambaye shi."

Na ajiye cokali, na ce, "Ummu Mitri, ke ce uwa fa."

Ta ce, "Ni ce uwa, ni na ɗauke shi wata tara, ba sai ka tuna mini ba. Abu Mitri, ka taɓa kallon hannun Wisa kuwa?"

"Me zan kalla? Na san abin da hannun ya yi."

"Wata huɗu yana kwance a asibiti a birnin Asyut, ko leƙe ba ka yi ba."

Na ce mata ina da kabarin da zan leƙa, ya ishe ni. Ta kwashe kwanon ban gama ba. Yanzu har cikin gidana an yi mini taron dangi.

Talata, 21 ga Maris, da rana tsaka

Ba ni na riƙe sitiyari ba. Wannan kowa ya sani.

Lahadi, 26 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Mako biyu ba jibi. Na tsaya can baya wajen takalma ina kallon masu layi. Har da Habashi mahauci, wanda babban yatsansa bai taɓa sauka daga kan sikeli ba, ya naɗe hannu a ƙirji yana tafe kamar mala'ika. Shi an buɗe masa, ni an rufe mini. Wisa na bayan ginshiƙi, shi ma bai shiga layi ba. Shi dai ya san dalilinsa.

Na tare Abuna a tsakar coci. Na ce masa tun ina shekara goma sha biyu ban taɓa karya Babban Azumi ba, kwana hamsin da biyar ba nama ba madara ba ƙwai. Na ce Laraba da Juma'a ban taɓa tsallakewa ba, kuma gwiwoyina sun yi kanta saboda durƙuso. Na ce in ba wannan ne ke gina mai bi ba, ya gaya mini mene ne.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Azumi ya rage maka tumbi, Abu Mitri, wannan kam na shaida. Amma shekara talatin kana tsaye gaban wuta, gurasar ce kawai ke nuna. Kai har yanzu ɗanye ne."

A gaban mai shara ya faɗa. Na sumbaci hannunsa don dole, amma da ƙyar na bari leɓena ya taɓa. Ni ne ɗanye? Wanda ya binne ɗansa mai shekara ashirin da biyu, kuma washegari ya tashi ya hura tanda don kada coci ta kwana ba hidima? Wace wuta ce kuma ta rage ban shiga ba?

Alhamis, 30 ga Maris, da la'asar

Ya zo gidana. Na ji ana buga ƙofa wani iri, na leƙa ta taga sai na ga da gwiwar hannu yake bugawa, wani sabon iyayi da ya koyo a bakin teku. Na shige ɗakin baya.

Na ji yana cewa, "Ummu Mitri, Yaya yana nan?"

Ita kuwa wai ba za ta yi ƙarya cikin azumi ba, sai ta ce, "Yana nan, amma ya ce ba ya nan."

Ya daɗe a tsaye. Can ya ce, "Ki gaya masa hutuna zai ƙare ranar Babbar Juma'a, motar safe zan bi. Mai ginin bai san Idin Tashin Almasihu ba." Ya tafi.

Muryarsa ta koma ta babanmu sak. Wannan ma ya ba ni haushi, don ni ne babba, ni ya kamata in gaje ta.

Litinin, 3 ga Afrilu, da hantsi

Fanus ya zo yana murza hula a hannu, yana ce mini Ammu, wato baffa. "Ammu Sidhum, don girman Allah, me ya sa take tsage mini?"

Na ce ya je ya tambayi wayarsa. Ya juya zai tafi kamar kazar da ruwa ya doka, sai na kira shi. Na ce yana gaggawar kai ta wuta tun ba ta tashi ba, kuma tsoron huda ta yake yi. Tsinken sai ya shiga har ƙasa, sau biyar, in ba haka ba iskar da ke ciki ba ta da hanyar fita, a wuta za ta fashe. Ya yi ta godiya har da kama gefen rigata. Ba don shi na yi ba, don kada a ci gaba da wulaƙanta bagade ne.

Laraba, 5 ga Afrilu, da safe

Na yi mafarkin kwandon. Wannan ba zan rubuta ba, Abuna ya yi abin da zai yi.

Juma'a, 7 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Saura kwana tara Idi. In ban karɓo mabuɗin ba, Fanus ne zai gasa kurbanar Tashin Almasihu, ni kuwa ina wajen takalma. Wallahi ba zai yiwu ba ina raye.

Ina zaune a coci yau dabara ta faɗo mini. Abuna cewa ya yi in je in same shi, bai ce wace rana ba. Mako mai zuwa kuwa Makon Shan Wahala ne, kuma daga yammacin Talata har zuwa Idi babu musabaha babu sumba, saboda sumbar da Yahuza ya sayar da Ubangiji da ita. Ko hannun Abuna ba a sumbata. To ranar Laraba zan je. In tsaya a bakin ƙofa, in ce "na yi zunubi, ka yafe mini" kamar yadda kowa ke faɗa, in ɗan rusuna, in juyo. Babu mai cewa in miƙa hannu, don doka ce, kuma ba ni na kafa ta ba. Alhamis in karɓi mabuɗina.

Na dawo gida da fara'a. Mufida ta dube ni ta ce, "Yau kuma wa aka cuta?" Na ce mata ta ji da tukunyarta.

Lahadi, 9 ga Afrilu, da yamma

Da safe bikin ganyen dabino, da yamma an lulluɓe coci da baƙin ƙyalle. Gurasar Fanus ta rage tsagewa. Bai gaya wa kowa wanda ya koya masa ba.

Laraba, 12 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Na je.

Bayan addu'ar safe na bi lungu har gidan iya. Ƙofar a buɗe take. Yana zaune a tabarma daga shi sai singileti saboda zafi, ya danne jakarsa da gwiwa yana ƙoƙarin jan zif da haƙori. Da ya gan ni ya miƙe, ya ce, "Yaya."

Na kafa ido a kan hoton Budurwa Maryamu da iya ta rataye a bango, na ce, "Na yi zunubi, ka yafe mini." Na faɗa sarai, ban ci harafi ko ɗaya ba.

Ya ce, "Ni zan yafe maka?" Sai ya juya da sauri zai ɗauko jallabiyarsa daga kan ƙusa ya rufe jiki, ta kuɓuce masa ta faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, ta sake kuɓucewa. A nan na duba, ba da niyya ba.

Ni mai tanda ne, na san ƙuna. Ina da tabo bakwai ko takwas, kowanne na san ranarsa. Wannan ban taɓa ganin irinta ba. Daga yatsu har gwiwa, duka biyun, fatar ta tattare tana sheƙi kamar gurasar da aka manta a wuta. Na daman yatsu uku sun manne wuri ɗaya. Na nemi gicciyen da ke wuyan hannunsa, wanda aka yi mana zanensa rana ɗaya a gidan sufaye na kan dutse, ina shekara tara yana biyar, ni na riƙe masa hannu yana ihu. Babu shi.

Na ce, "Ina gicciyenka?"

Ya ce, "Ya tafi tare da fatar." Sannan ya ce, "Ƙofar motar ta gefen Mitri ce ta ƙi buɗuwa, Yaya, wuta na ci. Ni ta gilashi na faɗo. Na zagaya na kama ta na ja, na ja."

Farantin tanda ba na iya riƙe shi numfashi ɗaya ba tsumma. Na ce, "Har yaushe ka riƙe?"

"Har mutane suka ɓamɓare ni."

Ni kuwa in na rasa abin faɗa sai in yi faɗa. Na ce, "Ka san mako huɗu ke nan an hana ni jibi saboda kai?"

Ya ce, "Na sani, ka yi haƙuri. Ni tun ranar ban karɓa ba. Babu wanda ya hana ni."

Ban san lokacin da hannuna ya fito daga aljihu ba, sai ganinsa na yi a miƙe tsakaninmu. Wisa ya ja da baya, ya mayar da nasa bayansa, ya ce, "Laraba ce, Yaya. Ba a gaisawa."

Ba gatse ya yi mini ba, da gatse ne da ya fi mini sauƙi. Ya san ni mai doka ne, ba ya so ya sa ni karya ta. Ya rako ni bakin ƙofa, ya ce, "Na san yau za ka zo. Ummu Mitri ma cewa ta yi Laraba."

Ashe duk sun gane. Na dawo ta bayan gari don kada in haɗu da kowa, hannun nan na reto a gefena ban san inda zan sa shi ba. Ina jin haushin Wisa, ina jin haushin Mufida, ina jin haushin wanda ya fara cewa kada a gaisa ranar Laraba. Juma'a da safe zai tafi, kuma dokar ba ta ɗagawa sai bayan ya tafi. Ni na zaɓi ranar da kaina.

Alhamis, 13 ga Afrilu, da la'asar

Abuna ya ɗaura tawul yana bi yana shafe ƙafafun maza da ruwan addu'a kamar kowace shekara. Da ya iso kaina ya ce a hankali, "Ka je?" Na ce na je. Ya ce, "To, ka matso yau." Da aka yi layi ban matsa ba. Babu wanda ya hana ni. Ban tambayi mabuɗi ba, shi ma bai ambata ba.

Ya ce kada in ɓoye kome, to bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Watan Agustan bara waccan ne, bikin Budurwa Maryamu. Mutanen ƙauyenmu suna can kan dutse, Abuna na jiran gurasa. Na gasa, na jera a kwando, na rufe da farin ƙyalle. Wisa kwana biyu yana jigilar mutane da motarsa bai runtsa ba. Ya ce, "Yaya, bari in ɗan kwanta ko awa biyu." Mitri ya ce, "Baba, dubi idon Ammu Wisa, mu bari sai gobe mana." Na ce gobe ba da wannan gurasar ba, kurbana ba ta kwana. Na ce mutane na tsaye da azumi a bakinsu, ba za a ce daga wurin Sidhum aka makara ba. Mitri ya shiga gaba yana gunaguni. Na ɗora masa kwandon a cinya, na ce ya riƙe da kyau kada ta motse.

Ba ni na riƙe sitiyari ba. Ni na rufe ƙofar.

Mu uku ne a wurin. Ɗaya ya tafi, ɗaya ya yi shiru kusan shekara biyu gari na nuna shi da baki, ɗaya kuma yana ta karanta Zabura.

Juma'a, 14 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Na yi abin kunya a bakin titi, kuma a Babbar Juma'a.

Na fito da baƙar rigata zan tafi coci, ƙafata ta kai ni inda motar safe ke tsayawa. Yana can, ya rataya jaka a wuya, hannayen riga sun rufe har yatsu. Mata na wucewa rukuni-rukuni cikin baƙaƙen kaya. Motar ta iso, yaron mota na kiran gari.

Na tsaya gabansa na ce, "Ni na ce ku tafi."

Ya ce, "Na sani, Yaya, ai ina wurin."

"Me ya hana ka faɗa wa mutane?"

"Kai ka rasa ɗa. Na ga mutum ɗaya ya isa ya ɗauka."

Na ce, "Kawo hannunka."

Ya waiga yana kallon matan, ya ce, "Yaya, Juma'a ce fa. Kai da ba ka..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na cafko na daman, na ture hannun rigar sama, na sumbaci inda gicciyen yake a da. Na kamo na hagun shi ma. Fatar ba ta da laushi ko kaɗan, kuma ya ce mini ba ya ji a wurin. Na ce ya yafe mini, wannan karon idona cikin nasa, kuma kalmomin ba su fito daidai ba. Muka tsaya muna kuka, tsofaffi biyu, direba na ta danna oda.

Sai ga muryar tsohuwa Sanura, wadda ba a taɓa yin abu a garin nan ba ta gani ba. "Wayyo ni! Yau? Sumba a ranar nan? Sidhum, kai da ke koya wa mutane! Sumbar Yahuza a bakin titi!"

Na ce, "Ke Sanura, je ki kai ƙarata, ai kin san ɗakin."

Motar ta tashi. Ya ɗago mini hannu ta taga, bai ɓoye shi ba.

Asabar, 15 ga Afrilu, da rana tsaka

Na je furta zunubi. Kafin in isa mata huɗu sun riga ni, kowacce da nata ƙarin gishirin, har an ce ɗaga shi na yi sama.

Na durƙusa na ce, "Abuna, na karya dokar mako, da gangan, a gaban jama'a." Sannan na gaya masa na ƙofar, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Can ya ce, "Shekara goma sha biyu kana zuwa mini nan, Abu Mitri, kullum zunuban mutane kake kawowa. Yau ne ka zo da naka." Ya ɗora gicciye a kaina ya yi addu'a. Da na ɗago sai na ga gemunsa a jiƙe, amma kuma dariya yake dannewa. Ya ce, "Na sumbar kuwa, ga hukuncinka." Ya laluba aljihu ya ajiye mabuɗin a tafina. "Je ka hura wuta, Idi ba ya jira. Fanus zai ci gaba da na ranar Laraba."

Na ce, "Fanus?"

Ya ce, "Fanus."

Ban ga abin dariya ba har yanzu. Mutum ya zo da ransa a hannu ana yi masa dariya.

Lahadi, 16 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Almasihu ya tashi.

Biyu daga cikin nawa sun tsage. Wajen hudawa ne na kasa kai tsinken har ƙasa, sau biyar a kowace gurasa, raunukan Almasihu biyar, shekara talatin da ɗaya ina yi ban taɓa tsayawa na duba abin da nake yi ba. Abuna ya daɗe yana juya su kafin ya sami ta bagade, Fanus na gefe yana kallon ƙasa, Allah ya saka masa. Na shiga layi bayan Habashi mahauci na karɓa.

Da muka zauna cin nama yau da safe na gaya wa Mufida zancen ƙofar. Ta ce, "Na sani, Abu Mitri. Ina bakin taga ranar." Ta ƙara mini romo. Shekara biyu tana kwana kusa da ni da wannan a cikinta, ni ina ganin ni kaɗai ne mai haƙuri a gidan.

Cikin ragowar da aka raba na ɗauki ɗaya daga masu tsagewar, na naɗe a farin ƙyalle, na kai wa direban motar safe ya miƙa wa Wisa. Ya ce yau Idi ne ba zai fita ba, sai gobe da yamma za ta isa hannunsa. Ya ce, "Ammu Sidhum, za ta kwana fa."

Na ce ta kwana.